Tambaya: wace irin kujerar babur ce ta dace da dogon mutum?

Dogon Malamin Gona:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu hawan babur da masu gyaransa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan wannan al'amari, musamman masu ɗinkin kushin da kanikawa, da kuma duk wanda Allah ya yi shi dogo kuma yake doguwar tafiya a kan babur.

Tsayina santimita 190 ne, wato ƙafa shida da kusan inci uku, kuma yawancin tsawon nawa a ƙafafu yake, domin daga matsematsi zuwa ƙasa na haura santimita 90. Aikin malamin gona nake yi a yankin Gumel, saboda haka kusan kullum ina kan hanya tsakanin ƙauyukan da ke wajen Maigatari da Sule Tankarkar, wani wuri kwalta, wani wuri burji, wani wurin kuma rairayi ne zalla. Babur ɗin da nake hawa irin wanda aka saba gani ne a hannun 'yan acaɓa, mai inji 150 da doguwar kujera. Lafiyarsa ƙalau, ba ya shan mai, kuma kayan gyaransa ba sa wuyar samu ko a ƙauye, don haka ba na son rabuwa da shi idan akwai wata mafita.

Damuwar ita ce, kafin in cika awa guda a kansa gwiwoyina sun fara zafi, kwankwasona ya riƙe, mazaunaina kuma sun sage, har sai na tsaya na sauka na ɗan taka ƙasa. Idan na zauna, gwiwoyina sun fi ƙuguna tsayi. Duk lokacin da na taka birki sai in zame gaba in manne da tanki, idan kuwa na ja baya domin in sami wurin sakin ƙafa, sai in tarar ina kan ɗan tudun nan da ya raba wurin mai tuƙi da na fasinja. Abokan aikina da ba su kai ni tsawo ba suna wuni a kan irin wannan babur ba su koka ba, abin da ya sa nake ganin ni da kujerar ne ba mu dace da juna ba.

Na sha shawarwari iri-iri. Wani ya ce in sa a ƙara mini soso mai laushi irin na katifa, wani ya ce in sayi matashin nan mai ruwan gel da ake ɗaurawa a kan kujera, wani kuma ya ce in daina wahalar da kaina in sayar da babur ɗin in nemi dogo irin na daji. Kafin in kashe kuɗi ina so in san wanne ne daga ciki yake da tushe. Idan gyaran kujera ne mafita, nawa ya kamata a ƙara mata tsayi, da wane irin soso, kuma me ƙarin zai taɓa a sauran sassan babur ɗin? Allah ya saka da alheri.

Mai Kushin:

Wa alaikumus salam, Malam. Ɗinkin kushin na motoci da na babura shi ne abincina, kuma dogayen mutane da dama sun kawo mini irin wannan koke, kusan da kalmomin da ka yi amfani da su. Abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka cire batun laushi daga ranka. Soson katifa daɗinsa na farkon zama ne kawai. Da zarar an ɗan yi tafiya, nauyin jikinka zai matse shi har ƙasa ka koma kana zaune a kan farantin kujerar, sannan soson da ke gefe, wanda bai matsu ba, ya taso ya danne cinyoyi da wuraren da ba su saba ɗaukar nauyi ba. Ga dogon mutum kuwa ɓarnar ta fi haka, domin duk nutsewar da ka yi a cikin soso, ƙara kusantar da kai take yi da matakin ƙafa, alhali kusancin nan shi ne asalin ciwon da kake kuka da shi.

Wurare uku ne jikin mahayi yake taɓa babur: inda ya zauna, inda ya ɗora ƙafa, da inda ya kama da hannu. Wanda ya fi shafar ka shi ne nisan da ke tsakanin kujera da mataki. Idan nisan ya yi wa ƙafarka kaɗan, gwiwa takan lanƙwashe fiye da kima, cinya ta ɗaga ta bar kujera, sai nauyin da ya kamata cinyoyi su taya ɗauka ya tattaru a kan ƙasusuwa biyu da ake zama a kansu. A lokaci guda kuma ƙugu yakan kwanta baya, gadon baya ya ranƙwafa, ta yadda kowane rami ka faɗa, bugun a kwankwaso yake sauka. Ka ga ke nan zafin gwiwa da riƙewar kwankwaso da sagewar mazaunai duk tushensu ɗaya. Dogon mahayin doki idan ya hau sirdi yakan sassauta igiyar likkafa har ƙafarsa ta sake. Shi babur matakinsa a ɗaure yake da ƙarfe, saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaga wurin zaman.

Kada ka bari kowa ya sa wuƙa a kujerarka kafin ka yi gwaji. Ka sami bargo ko darduma ka ninka ta yi tauri, ka ɗora a daidai inda kake zama, ka ɗaure da robar tsohon tiyub, ka fita aikinka da ita. Ka riƙa ƙara ninki ko ragewa har ka kai inda cinyarka ta kwanta daidai, ko ma ta ɗan gangara daga ƙugu zuwa gwiwa. Sai ka auna kaurin ninkin da tef ɗin tela a lokacin da kake zaune a kai, ba bayan ka tashi ba, domin awon da ya matsu shi ne na gaskiya. Ga mutane masu tsawonka, abin da na saba ƙarawa yana tsakanin santimita 3 zuwa 5. Ƙarin yana da ƙanƙanta a ido, amma gwiwa tana jin bambancinsa nan take, kuma idan aka wuce haka da yawa sai hannun babur ya yi maka ƙasa, ka magance ciwon gwiwa ka sayo na kafaɗa.

Bayan tsayi sai siffa, kuma a ganina siffa ta fi tsayi wuyar samu daidai. Zamewar da kake yi zuwa tanki tana nuna kujerar ta gangara gaba, ko dai tun daga ƙira ko kuma don soson gaban ya mutu. Maganinta shi ne a fi cika gaba fiye da baya, har wurin zaman ya shimfiɗe. Idan za a duba gangaren, a duba shi babur yana kan tayoyinsa kai kuma kana kai, domin idan aka kafe shi a kan ƙafarsa ta tsakiya bayansa yakan ɗaga, awon ya yi ƙarya. Shi kuma tudun da ke tokare ka, ana iya fere shi a mayar da shi baya da kamar yatsu uku ko huɗu, ko a cike gabansa har ya ɓace gaba ɗaya. Ni na fi son a shafe shi, domin mai doguwar tafiya yana buƙatar ya riƙa matsawa gaba da baya yana sauya inda nauyi yake sauka, kujerar da ta kafe mutum wuri guda kuwa komai kyanta sai ta gajiyar da shi.

Game da faɗi, akwai wata dabara mai sauƙi. Ka ɗora kwali mai kauri a kan benci, ka zauna a kai da wando marar kauri, ka ɗan ɗaga ƙafafu na ɗan lokaci. Idan ka tashi za ka ga lotsawa biyu, wato sawun ƙasusuwan da kake zama a kansu. Ka yi musu alama da biro ka kai wa mai kushin. Wajibi ne wurin zaman ya kasance a shimfiɗe a ƙarƙashin alamomin nan biyu, ya kuma wuce su da 'yan santimita ta kowane gefe. Kujerar da ta yi tozo a tsakiya ta zube a gefe tana shiga tsakanin ƙasusuwan ta danne jijiyoyi, wannan kuwa yana daga manyan abubuwan da ke kawo sagewa. Gaban kujerar, wajen tanki, a bar shi siriri yadda yake domin ƙafa ta riƙa sauka ƙasa ba tare da an buɗe cinya ba.

Soson da nake aiki da shi hawa biyu ne. A ƙasa ina sa mai tauri, irin wanda aka haɗa da gutsattsarin soso masu launi daban-daban aka matse su wuri guda, shi ne yake ɗaukar nauyi kuma yake riƙe tsayin da aka ƙara. A sama ina shimfiɗa siririn soso mai matsakaicin laushi, kamar santimita ɗaya ko ɗaya da rabi, domin ya rufe gaɓoɓin aikin ya kuma tausasa taɓawar farko. Idan za ka saya da kanka, ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, domin mai nauyi ya fi daɗewa bai mutu ba, sannan ka danna da babban yatsa ka ga ko zai dawo nan da nan. Ka sani cewa a kwanakin farko za ka ji sabuwar kujerar ta yi tauri. Kada ka yanke mata hukunci a ƙofar shago, ka bari sai ka yi doguwar tafiya da ita.

Ɗan Maraɗi:

Gaisuwa gare ku duka. Bayanin Mai Kushin ya gamsar, amma ina ganin bai kamata a yi saurin ture shawarar sauya moto, wato babur, ba, tun da Malam ya ce a cikin hanyoyinsa akwai rairayi da burji. Ni ma dogo ne, kuma na daɗe ina bin hanyar Maraɗi zuwa Dakoro da ƙauyukan da ke gefenta, na hau ƙanana na hau dogaye.

Motocin da suka cika kasuwanninmu, irin su Bajaj Boxer da TVS HLX da Haojue da Honda Ace, tsayin kujerarsu daga ƙasa yana kewayen santimita 80 ne, wasu ma ba su kai ba. An yi su ne domin matsakaicin mutum ya sa ƙafa a ƙasa cikin sauƙi ko da ya ɗauki fasinja da buhu, kuma wannan aikin suna yin sa yadda ya kamata. Na daji kuwa sun ɗara su. Honda XR150L ya haura santimita 82, Yamaha XTZ125 yana da 84 tare da tayar gaba mai inci 21. Idan aka koma manya, BMW R 1250 GS kujerarsa ana ɗaga ta ana sauke ta tsakanin 85 da 87, Yamaha Ténéré 700 kuma, wanda aka raɗa wa sunan hamadarmu ta Tenere, ya kai 87 da rabi. Waɗannan manyan na ambace su ne kawai domin a ga inda awon yake kaiwa, na san ba kuɗin malamin gona ba ne. Amma ƙananan na daji, ko da na hannu ne, sun cancanci a duba su, domin hannunsu ya fi faɗi da tsayi, kuma mutum yana iya miƙewa tsaye a kan matakai idan ya shiga gargada ko rairayi, wanda hakan hutu ne babba ga gwiwa da kwankwaso. Aibinsu a wurina shi ne kujerarsu siririya ce, an yi ta domin mai yawan tashi da zama, don haka a doguwar kwalta ita ma sai ta je wurin mai kushin.

Batun matashin gel kuwa, Malam, ka yi tunanin zafinmu kafin ka saya. A watan Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, gel yakan sha rana ya riƙe ta, ka ajiye moto a ƙofar masallaci ka fito ka tarar ba ya zaunuwa, kuma ya fi soso daɗewa bai huce ba. Abin da na jarraba ya yi mini amfani shi ne buzun rago da aka jeme da kyau, a yanka shi daidai wurin zama, gashin yana sama, a ɗaure da maɗauri biyu ta ƙarƙashin kujera. Iska tana ratsa gashin, gumi ba ya taruwa, kuma yana rage gogar da ke sa fata zafi. Sai dai da damina dole a riƙa cire shi, domin idan ya jiƙe yana daɗewa bai bushe ba kuma yana wari. Akwai kuma rigar kujera mai kama da raga da ake sayarwa a shagunan kayan moto, ita ma tana barin iska ta wuce, ruwa kuma ba ya zama a cikinta. Ko buzu ko raga, maganin zafi da gumi ne, ba za su buɗe maka gwiwa ba.

Bakanike:

Ranka ya daɗe, Malam, ni ta ɓangaren ƙarfe zan yi magana. Da farko ina so in ɗan ja hankali a kan alkaluman da ɗan'uwanmu na Maraɗi ya kawo. Daidai suke, amma tsayin kujera daga ƙasa abu ne daban da nisan kujera daga mataki. Babur ɗin daji yana da tsayi ne saboda dogayen shokozoba da manyan tayoyi, kuma abin da ya ɗaga kujerar ya ɗaga injin da matakan tare da ita. Saboda haka mutum yana iya hawa babur mai santimita 84 ya tarar gwiwarsa ba ta sami sakin da ya zata ba. Idan za ka duba wani babur, ka tafi da tef, ka auna daga saman kujera a inda ake zama zuwa saman mataki, ka gwada da na babur ɗinka. Idan bambancin santimita biyu ne ko uku, to soso zai ba ka shi a kan kuɗin da bai kai na taya ɗaya ba.

Idan an ɗaga kujerar, abu na farko da za ka ji shi ne hannun babur ya yi ƙasa. Sau da yawa ba a buƙatar sayen komai. A sassauta kusoshi huɗun da suka danne hannun a tsakiya, a ɗan juya shi sama da gaba har ka kama shi gwiwar hannunka tana ɗan lanƙwashe kafaɗunka kuma a sake, sannan a ɗaure, a daidaita madubai da hannun birki da na kuloci su bi layin yatsunka. Idan hakan bai isa ba, akwai 'yan ƙarafan da ake sawa a ƙarƙashin hannun su ɗaga shi da santimita biyu ko uku. Amma bayan kowane irin gyara, ka tayar da injin yana tsaye, ka juya hannun har ƙarshe dama da hagu. Idan ka ji ƙarar injin ta ƙaru da kanta, wayar totur ta ɗame ke nan, kuma ba a hawa babur a haka sai an sake mata hanya ko an sa mai tsawo. Haka za a duba wayar kuloci da ta birkin gaba. Ka kuma lura ko ƙarshen hannun yana bugun gwiwarka a kwana mai tsanani, domin wannan yana yawan samun dogaye. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne a yanka hannun babur a yi masa ƙari da walda, tun da wurin da aka ƙona shi ne yake karyewa, kuma ba ya sallama kafin ya karye.

Wasu za su ce maka a sauke matakan ƙasa. Ana yi, amma ni a ƙarshe nake ajiye shi. Mataki idan ya sauka yana kusantar ƙasa, ya riƙa karta a kwana ko ya doki kututture a hanyar gona, sannan dole a bi giya da birkin ƙafa a sauke su, in ba haka ba ƙafarka za ta riƙa ɗagawa tana neman birki a lokacin da ake buƙatar sauri. Ko ba a taɓa matakan ba, ka sa a duba maka tsayin giyar. Tana zaune ne a kan sanda mai haƙora, ana iya zare ta a matsar da ita haƙori ɗaya sama ko ƙasa, kuma da yake zamanka ya sauya, kwanciyar ƙafarka a kan mataki ita ma za ta sauya.

Sai shokozoban baya. Yawancin irin babur ɗinka suna da matakala a jikin kowane shokozoba, galibi hawa biyar, inda ake ƙara wa sifirin ƙarfi. Dogon mutum yawanci yana da nauyi, ga shi za ka koma zama baya fiye da dā, ga kuma abin da kake ɗaurawa a kariya na iri ko taki. Idan bayan ya zauna da yawa, gaban yakan yi sauƙi, babur ya riƙa rawa a rairayi, kuma duk rami sai ya buga har ƙarshe. A ƙara hawa ɗaya ko biyu, kuma a tabbata dama da hagu suna hawa ɗaya. Idan shokozoban sun riga sun mutu suna zubar da mai, babu soson da zai rufe wannan, sai an sauya su.

Dogon Malamin Gona:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na yi gwajin bargon kamar yadda Mai Kushin ya ce, kuma da ninkin ya kai kusan santimita 4 na ji gwiwoyina sun sake, ko da yake bargon yana zamewa a gargada, hannun babur ɗin kuma ya yi mini ƙasa kamar yadda Bakanike ya faɗa. Na yanke shawarar gyaran kujera tukuna, batun sauya babur kuma in ajiye shi zuwa gaba.

Sauran tambayoyina biyu ne. Ta farko, ba ni kaɗai nake amfani da babur ɗin ba. Ƙanena yakan ɗauke shi ranar kasuwa, shi kuwa bai kai kafaɗata ba, sannan nakan ɗauki uwargida idan za mu unguwa, ita kuma ta gefe take zama. Ina tsoron idan aka ɗaga kujerar aka kuma ci wurin baya, in gyara wa kaina in ɓata musu. Ta biyu, wace irin leda ce za a rufe aikin da ita, ganin cewa babur ɗin yana wuni a rana kuma damina tana tafe?

Mai Kushin:

Madalla da ka yi gwajin, Malam, yanzu kana da awon da za ka riƙe. Game da ƙanenka, hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce kada a taɓa kujerar asali. Ka nemi wata kujerar irin ta babur ɗinka a wurin masu sayar da kayan gyara, ko tsohuwa ce wadda ledarta ta yage, muddin farantinta bai tsage ba kuma ƙugiyoyinta suna nan. A kanta za a yi maka aikin. Irin waɗannan kujeru kusoshi biyu ne suke riƙe da su, cirewa da mayarwa ba ya ɗaukar lokaci, don haka ranar kasuwa sai a mayar masa da tasa. Santimita 4 ba wasa ba ne ga gajeren mutum da ya ɗauko kaya ya tsaya a rairayi, kuma duk ranar da za ka sayar da babur ɗin, mai saye zai fi son ya gan shi da kujerarsa ta asali.

Wurin uwargida kuwa, ka faɗa wa mai aikin tun farko. Irin kujerar nan doguwa ce, ko an ci yatsu huɗu daga baya akwai sauran wuri, amma mai zaman gefe tana buƙatar wurin ya zama a shimfiɗe kuma kada gefensa ya zube, domin ba ta da abin da za ta matse da gwiwa. A ɗaga bayan daidai da gaban yadda ba za ta riƙa gangarowa kanka ko tana zamewa wajen kariya ba, kuma a duba cewa ƙafarta tana isa matakin baya bayan an yi ƙarin. Kafin a rufe, ka sa a ɗora kujerar a kan babur da soson a buɗe, ku zauna ku biyu, a yi alama da alli a duk inda ya tokare, a fere a goge da takarda mai yashi. Gyara a wannan mataki ba ya cin komai, amma bayan an ja leda an buga mata fil, kowane gyara sai an kwance aikin.

Ledar da za ka nema ita ce mai kauri wadda take da yadi a bayanta, mai ɗan kaushi a fuska. Mai sheƙi da santsi tana da kyau a ido, amma za ta dawo maka da zamewar da kake gudu duk lokacin da ka taka birki, balle da yadin shadda a jikinka. Baƙa ta fi ɗaukar zafi, don haka idan ka sami ruwan toka ko ruwan ƙasa a saman wurin zama, ya fi. A shimfiɗa siririyar leda tsakanin soso da rufin domin ruwan da ya bi ramin allura kada ya shiga soson, tun da soso idan ya sha ruwa yakan jiƙa wando kwana da kwanaki kuma ya ruɓe da wuri. Kada a bar ɗinki ya ratsa ta inda kake zama ko ta ƙarƙashin cinya, a kai shi gefe. Kada kuma a ja ledar da ƙarfi fiye da kima, domin jan yana matse soson ya cinye rabin tsayin da aka ƙara, ya kuma mayar da saman ya yi tozo.

Idan ka fara hawa, ka riƙa cire walat da waya daga aljihun baya, ka kuma tattare rigarka ta yadda ba za ta dunƙule a ƙarƙashinka ba, domin na ga mutanen da suka zargi kujera alhali ninkin kaftani ne yake cin su. Idan kuma bayan duk wannan gyara sagewar tana sauka har ƙafa, ko tana daɗewa bayan ka sauka daga babur, to ka je asibiti a duba maka bayan, wannan ya wuce aikin mai kushin.